Ra'ayinmu: Turancin Fim Ba Na Bakin Iyaka Ba Ne

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Wannan karin magana ya dace da wani Turanci da ya yi katutu a bakin matasanmu na Nima da Maamobi, musamman yaran shago da masu raka kaya zuwa Aflao, Paga da Elubo. Kalmar ita ce "piss off". Sun tsince ta a finafinai da wayar salula, suna zaton ma'anarta kawai "matsa can".

Ba haka ba ne. Tushen kalmar fitsari ne, kuma a ƙamus ɗin Turawa an yi mata alamar batsa. Idan aka jefa wa mutum ita kai tsaye, an kore shi ne korar kare. Idan kuma aka sanya mutum a tsakiya, kamar "you piss me off", ma'anar ta koma "kana ƙular da ni". Har su masu harshen ba su daidaita ba: wanda aka ce "pissed" a Ingila ya bugu da giya ne, a Amurka kuwa ya fusata ne.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, jami'in kwastan ko na shige da fice ya san nauyin kalmar ko da mai faɗinta bai sani ba. Kaya na iya kwana a kan iyaka saboda baki, tumatir da albasa kuwa ba sa jiran sulhu. Bugu da ƙari, sashe na 207 na dokar manyan laifuka ta Ghana ta 1960 ya haramta zagi a bainar jama'a da ke iya tayar da fitina.

Ba mu ce a guji sanin irin waɗannan kalmomi ba. A san su, domin a gane idan an zagi mutum, a kuma hana yara maimaita su. Muna kira ga iyayen gida da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da malaman makarantun dare su riƙa bayyana wa yara nauyin kowace kalma, ba fassararta kaɗai ba. A Ghana dai "please" ce ke buɗe ƙofa. Baki shi ke yanka wuya.