Grimaldi, ɗan wasan da ya ci uwar kuɗinsa

Yau za mu ƙetare teku zuwa birnin Landan na ƙasar Ingila, mu koma baya shekaru fiye da ɗari biyu, domin labarin wani mutum da ake kira Joseph Grimaldi. Ba sarki ba ne, ba kuma attajiri ba. Sana'arsa ita ce ba mutane dariya a dandalin teyatur, kamar yadda ƴan kama suke yi a wurinmu, sai dai shi a cikin gini yake yi, mutane su biya kuɗi a ƙofa su shiga. Duk ɗan kasuwa ya san bambancin riba da uwar kuɗi, ya kuma san abin da ke samun wanda ya shiga cin uwar. To, Grimaldi ba shi da wata uwar kuɗi sai jikinsa, kuma kowane dare sai ya gutsiri wani abu daga cikinta.

An haife shi ran 18 ga watan Disamba na shekara ta 1778. Mahaifinsa, Giuseppe Grimaldi, mutumen Italiya ne mai koyar da rawa a gidan wasa na Drury Lane, mutum mai zafin hannu wanda yara ke tsoro. Tun yaron bai kai shekara uku ba uban ya hau da shi dandali. Akan sa masa kayan biri, a ɗaura masa sarƙa a ƙugu, uban ya riƙa wulwula shi a sama. Wata rana sarƙar ta tsinke, yaron ya tashi ya faɗa cikin masu kallo, Allah ya kiyaye bai karye ba. Uban ya rasu a 1788, Joseph yana da shekara tara, ɗawainiyar gida ta hau kansa. Daga nan ya shiga aiki a gidajen wasa biyu, Drury Lane da Sadler's Wells, sau da yawa a dare ɗaya: ya gama nan, ya ruga a guje fiye da kilomita biyu ya hau can.

Akwai dalilin da ya sa sana'ar ta zama ta jiki zalla. A zamanin nan dokar Ingila ta keɓe wasan da ake magana a cikinsa ga manyan gidaje masu izinin sarki, wato Drury Lane da Covent Garden, sai kuma Haymarket a lokacin zafi. Ba a soke wannan gata ba sai a 1843. Sauran gidaje irin su Sadler's Wells dole su nemi abincinsu ta kiɗa da waƙa da tsalle-tsalle. Wasan da jama'a suka fi so a lokacin, har a manyan gidajen, labarinsa ɗaya ne kullum: saurayi mai suna Harlequin ya gudu da budurwa, tsohon ubanta ya bi su, tare da baransa wawa. A da saurayin ne tauraro, baran kuwa ɗan rakiya ne, baƙauye mai tsummoki.

Grimaldi ne ya juya al'amarin. Wajen shekara ta 1800 ya canza wa wawan nan kama: ya shafe fuska da fari fat, ya zana ja a kumatu, ya faɗaɗa baki da jan launi, ya sa tufafi masu kyalli da manyan aljihuna. Aljihunan ba na ado ba ne. Wawan Grimaldi ɓarawo ne mai haɗama, ya ratsa kasuwa ya sunkuce agwagwa da kifi da nama ya cusa, ya dubi jama'a da fuskar salihai. Yakan harhaɗa kayan lambu ya yi mutum da su, mutumin ya tashi ya yi dambe da shi. Yakan sa bokitan gawayi a ƙafa a matsayin takalma, ya yi takun hafsoshin soja masu taƙama. Talakan Landan, wanda a lokacin za a iya rataye shi a kan ƙaramar sata, ya biya kuɗinsa ya ga wani yana sata a fili yana yi wa masu tsaro gwalo. Ina ganin a nan farin jinin nasa yake, fiye da fentin fuska.

Ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1806, da wasan Mother Goose na Thomas Dibdin a Covent Garden, wanda aka yi dare 92 ana nunawa gida cike. Tun daga nan Ingilishi suke kiran kowane wawan dandali da sunan Joey, wato lakabin Joseph.

Amma dubi abin da ake saye da kuɗin ƙofa. Dariyar tana zuwa ne idan ya faɗo daga sama, idan aka maka masa sanda, idan ya faɗa rami ya ɓullo ta taga. Ba dabara ba ce irin ta silima, inda ake yanka hoto a haɗa; ƙashi ne da tsoka ke bugun katako, yau da gobe, shekara arba'in. Ma'aikacin gwamnati in ya tsufa ya ƙara sanin aiki, ɗan kasuwa in ya tsufa ya ƙara abokan ciniki. Shi kuwa kowace tafi da aka yi masa ragi ce a hajarsa. Kafin ƙarshe sai da ta kai ana ajiye mutane a bayan labule, da ya fito su kama shi su yi ta murza masa ƙafafu don jijiyoyi su saki, sannan ya koma ya ci gaba da tsalle, masu kallo ba su san kome ba. A 1823, bai wuce shekara 45 ba, ya bar aiki, ƙafafu sun ƙi.

Kuɗi kuwa ya samu, musamman a yawon da yake yi garuruwan Ingila, amma ba su zauna ba. Mutum ne mai saurin yarda, an sha cutarsa. A 1818 ya sayi hannun jari a Sadler's Wells, bai ga alheri ba. Gida ma bai ba shi sanyi ba. Matarsa ta fari, Maria Hughes, ɗiyar ɗaya daga masu gidan Sadler's Wells, ta rasu wajen haihuwa a 1800, ba su daɗe da aure ba. Ta biyu, Mary Bristow, ta haifa masa ɗa guda a 1802, Joseph Samuel. A kan wannan yaro ya ɗora dukan begensa, ya koya masa sana'a, ya bar masa gurbinsa. Yaron yana da baiwa, amma giya ta cinye shi, ya mutu a 1832 yana da shekara talatin. Uwarsa ta bi shi a 1834.

A 1828 abokan sana'a suka shirya masa wasan ban kwana sau biyu domin ya sami abin hannu, na farko a Sadler's Wells cikin Maris, na biyu a Drury Lane ran 27 ga Yuni. A na biyun ya shafa farinsa, ya sa kayansa, amma a kan kujera ya yi wasan, don ba ya iya daɗewa a tsaye. Abin da ya rufa masa asiri bayan haka shi ne asusun taimakon ƴan wasa na Drury Lane, wanda ya yanka masa fam 100 a shekara.

Ya ƙare kwanakinsa shi kaɗai a unguwar Pentonville. Kusa da gidansa akwai wata mashaya inda yake zuwa hira da dare, kuma tun da ba ya iya tafiya, mai wurin ne ke zuwa ya goye shi a baya ya kai shi, in an tashi ya maido shi. Ran 31 ga Mayu 1837 ya maido shi kamar kullum, da safe aka tarar ya cika a kan gadonsa, yana da shekara 58.

Ya bar tarihin rayuwarsa a rubuce. Masu buga littafi suka miƙa takardun ga wani saurayin marubuci, Charles Dickens, wanda ya gyara su aka buga a 1838. Maƙabartar da aka binne shi a Pentonville ta zama lambun shaƙatawa mai ɗauke da sunansa, kabarin yana nan kewaye da ƙarfe. A farkon watan Fabrairu kuma masu sana'arsa sukan taru a wata majami'a ta gabashin Landan domin tunawa da shi, kowa da farar fuskarsa da kayan wasansa.