"Ai Ciwon Ne": Amsar Da Muka Gaji Da Ji A Ɗakin Wankin Ƙoda

Akwai wata amsa da duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai wankin ƙoda ya haddace ta. Mara lafiya ya ce tun da aka ƙara masa wata ƙwaya jiri ke ɗibarsa, a ce masa ai ciwon ne. Ya ce hannunsa na zabura shi kaɗai, ai ciwon ne. 'Yarsa ta ce, "Likita, Baba kwana biyu barci kawai yake yi, in ya farka ma sai sambatu," a ce mata ta yi haƙuri, haka ciwon ƙoda yake. Daga nan an rufe magana, a juya takarda, a kira na gaba.

Mun san ciwon ƙoda na kawo jiri da kasala da ƙaiƙayi da tashin zuciya da ruɗewar tunani. Babu mai musun haka. Sai dai magungunan da ake ba mai ciwon su ma suna kawo waɗannan abubuwa, kuma sun fi kawo su a jikinsa fiye da a jikin kowa. To, in abu biyu na iya haifar da alama guda, da wace hujja za a zaɓi ɗaya tun kafin a duba ɗayan? Ga shi kuma wanda ake zaɓa kullum shi ne wanda ba ya buƙatar kowa ya yi komai.

Dalilin a fili yake. Magunguna da yawa ta ƙoda suke bi su fita daga jiki. Mai lafiya ya sha ƙwaya, ta yi aikinta, ƙoda ta tace ta ta fita a fitsari. Wanda ƙodarsa ta tsaya kuwa, wannan ƙofa a rufe take. Na'urar wanki tana buɗe ta na kimanin awa huɗu ne, sau uku a mako in an bi ƙa'ida, kuma ba kowane magani take iya cirewa ba. Ɗauki gabapentin, wanda ake yawan rubuta wa masu wanki saboda ƙaiƙayi da zafin jijiyoyin ƙafa. A jikin mai lafiya rabinsa na fita cikin awa 5 zuwa 7. A jikin wanda ya daina fitsari, in ba a kan na'ura yake ba, lissafin ya kai kimanin awa 132, wato sama da kwana biyar. Idan aka ba irin wannan mutum awon da ake ba mai lafiya, sau uku a rana, ƙwaya tana hawa kan ƙwaya ne har ta taru. Sai barci mai nauyi, sai tangaɗi, sai zaburar gaɓoɓi, sai ya faɗi a banɗaki ya karye a ƙugu. Shi ya sa ƙa'ida ta ce ɗan kaɗan ake ba shi, kuma bayan an gama wanki.

Ba shi kaɗai ba ne. Baclofen, da ake bayarwa don ɗaurewar nama ko shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ɗan kaɗan ɗinsa na iya jefa mai wanki cikin doguwar suma. Gentamicin, allurar da ake yi idan ƙwayoyin cuta sun kama robar da ke wuya, tana iya taɓa kunne ta tafi da ji, ko ta bar mutum yana layi in ya miƙe, kuma sau da yawa abin ba ya dawowa. Metoclopramide, maganin amai, yakan murɗe wuya ya kafe ido sama, har 'yan uwa su fara raɗe-raɗin iska ce. Mai ciwon suga kuwa, ƙoda ce ke rage wani kaso na insulin a jini. In ta tsaya, allurar da ya saba yi shekara da shekaru sai ta yi masa yawa, suga ya faɗi, gumi ya karyo, a ɗauka gajiyar wanki ce. Ba mu tono waɗannan daga wani ɓoyayyen littafi ba. Suna cikin takardar da ke naɗe a kwalin maganin, waccan mai ƙananan rubutun Turanci da muke yarwa tun a bakin kemis.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne na amlodipine, maganin hawan jini da kusan kowane gida ya sani. Yana kumbura ƙafa ko ga mai lafiyar ƙoda. Amma kumburin ƙafa a ɗakin wanki fassara ɗaya gare shi: ka sha ruwa da yawa. Sai a yi wa mara lafiya faɗa a kan shan ruwa, a ƙara yawan abin da na'ura za ta janye daga jikinsa. Jini ya yi ƙasa, ƙafa ta ɗaure, ya fita yana ganin duhu-duhu. A rubuta masa wani magani don ɗaurewar, wannan kuma ya zo da tasa illar. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, alhali tambaya guda, "yaushe kumburin ya fara?", da ta iya warware komai.

A lura kuma da yawan abin da ake haɗiya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya samu cewa matsakaicin mai wankin ƙoda na shan ƙwaya 19 a rana, kashi ɗaya cikin huɗu ma sun haura 25. A can ke nan, inda ake wanki sau uku a mako ba fashi. A nan kuwa kowa ya san yadda abin yake: wanki na bin aljihu ne. Wani sau biyu, wani sau ɗaya, wani sai ranar da aka haɗa kuɗi a dangi. Gwamnatin tarayya ta sanar a watan Agustan 2025 cewa ta rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, mun kuma yaba. Amma wanda zai taso daga ƙauyukan Gashuwa ko Haɗeja, inda wannan ciwo ya yi ƙamari, da sauran kuɗin mota da na gwaji da na allurar ƙarin jini a gabansa. Yawancin awon da ke cikin littattafan likitoci an tsara shi ne a kan mai wanki sau uku. Wanda ya yi kwana goma na'ura ba ta taɓa jininsa ba, maganin da ke jikinsa ya wuce lissafin littafi. Ke nan mu ne muka fi kowa buƙatar a saurari kukanmu a kan magani.

Za a ce mana mara lafiya bai karanta likitanci ba, ina ya san illar magani? Gaskiya ne, bai san sunan sinadari ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san ranar Talata aka fara ba shi jar ƙwayar, ranar Alhamis ya kasa riƙe kofi. Wannan jerin kwanaki shi ne rabin hujjar da masana ke dogara da ita wajen gane illar magani: yaushe aka fara, yaushe alama ta bayyana, me ya faru da aka dakatar. Babu gwajin jinin da zai ba likita wannan labari, sai bakin mai jikin ko na wanda ke kwana da shi.

Tarihin wankin ƙoda ma shaida ne. A ƙarshen 2007, yara masu wanki a wani asibiti a birnin St. Louis na Amurka suka riƙa kumburin fuska da faɗuwar jini da bugun zuciya mintuna kaɗan bayan an ɗora su a na'ura. Da an ga dama sai a ce ai wanki ne, dama yana saukar da jini. Ma'aikatan ba su faɗi haka ba, suka kai rahoto. A farkon 2008 bincike ya kai ga heparin, allurar da ke hana jini daskarewa a cikin na'ura. Ashe an gurɓata sinadarin da ake haɗa ta da shi tun daga China. Aka janye ta daga kasuwa, bayan an danganta mutuwar mutane da dama da ita. Ka kwatanta wannan da cutar da ke sandarar da fatar masu ciwon ƙoda ta koma kamar itace, wadda aka fara gani a 1997. Sai a 2006 wani likita a Austiriya, Thomas Grobner, ya alaƙanta ta da gadolinium, ruwan da ake ɗura wa mutum kafin hoton MRI. Shekara tara ana ɗurawa. Waɗanda suka yi waɗannan shekaru suna cewa fatarsu na ɗaurewa, gaskiya suke faɗa tun ranar farko.

Ba mu zo cin mutuncin likitoci ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun ga yadda suke aiki. Ƙwararrun likitocin ƙoda 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, na nan ɗin ma kullum raguwa suke ana tafiya waje. Likita ɗaya, layi har bakin ƙofa, wuta na ɗaukewa, na'ura na ƙara. Duk mun yarda. Amma ƙarancin lokaci ba ya cikin abin da zai wanke wannan amsa, domin buɗe fayil a duba me aka ƙara a makon jiya bai kai minti biyu ba. Jinyar wanda ya suma saboda tarin magani kuwa kwanaki take ci, ta cinye gado da kuɗi da lokacin likitan da aka ce ba shi da shi.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Bahaushe ba ya jayayya da likita, kunya da girmamawa ba za su bar shi ba. In ya faɗa sau ɗaya aka share, ba zai sake ba. Zai ce "to, Likita, na gode," ya je gida ya ajiye maganin a ƙarƙashin katifa. Kuma da yake bai san wacce ƙwaya ce mai laifin ba, sai ya ajiye har da ta hawan jini. Mako mai zuwa awo ya nuna jini ya hau, likita ya ɗauka maganin ne bai isa ba, ya ƙara. Daga nan kowa na yi wa kowa ƙarya cikin ladabi. Wasu kuma su koma wurin mai magani a kasuwa, wanda ko ba komai zai zauna ya ji su har ƙarshe kafin ya ɗaura musu ƙullin da ƙodar da ta tsaya ba za ta iya fitarwa ba.

A nan mu ma da namu laifin, mu masu jinya. Muna ɓoye jiƙo da sassaƙe da aka kawo daga gida. Muna sayen diclofenac da ibuprofen a kemis don ciwon jiki, alhali suna iya fasa gyambon ciki ga wanda ake yi wa allurar hana daskarewar jini, su kuma ƙarasa ɗan fitsarin da ya rage. Muna ba da farin maganin olsa na ruwa ba tare da sanin cewa magnesium ko aluminium da ke cikinsa na taruwa a jikin mai wanki ba. Mukan je wurin likitan haƙori ko na ƙashi mu manta ba mu ce ana wanki ba. Likitan da aka nuna wa rabin leda ba zai iya yin cikakken hukunci ba. A zuba komai a gabansa, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ko da zai yi faɗa.

Sannan a canza yadda ake kai kuka. "Jikin ba daɗi" ba ya kama kowa. A samu littafi ɗan naira ɗari, a rubuta: ranar kaza aka fara magani kaza, ranar kaza da misalin ƙarfe kaza ya fara kaza. A miƙa wa likita, a yi tambaya kai tsaye: "Likita, a cikin waɗannan wanne ne zai iya kawo wannan? An daidaita awonsa da mai wanki sau ɗaya a mako? Kafin wanki zai sha ko bayansa?" In an ce ai ciwon ne, a ce to, don Allah a rubuta a fayil cewa mun faɗa. Abin da ya shiga fayil, wani likitan zai gani. Nas ɗin ɗakin wanki, wadda ke tare da mara lafiya awa huɗu cur, ita ma a gaya mata. Haka mai harhaɗa magunguna na asibiti, wanda wannan fanni nasa ne amma muka mayar da shi mai miƙo leda ta taga. Kada dai a dakatar da magani a gida ba shawara, don akwai na hawan jini da tsayar da shi farat ɗaya ya fi illarsa haɗari. In kuwa abin ya kai ga suma, ko numfashi sama-sama, ko zubar jini, ko baƙin bayan gida, ba a jiran ranar wanki.

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya amfani da haɗarin maganin da za a yi masa, cikin harshen da yake ji. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya maimaita haka. Hukumar NAFDAC na da cibiyar sa ido kan illar magunguna tun 2004, da fom mai launin rawaya da ake cikewa, da manhajar Med Safety ta waya wadda mara lafiya da kansa zai iya kai rahoto ta cikinta, ko da zato kawai yake yi. Mu nawa ne muka taɓa ganin wannan fom a ɗakin wanki? Masu bincike sun ƙiyasta a 2006 cewa kusan kashi 94 cikin ɗari na illolin magani ba a kai rahotonsu, kuma wannan ƙiyasi daga ƙasashen da suka fi mu tsari aka ɗebo shi.

Abin da muke nema daga shugabannin asibitocin da ke wankin ƙoda bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba. A sa mai harhaɗa magunguna ya riƙa shiga ɗakin wanki ko sau ɗaya a wata, ya zazzage ledar kowane mara lafiya ya bi ta ƙwaya-ƙwaya tare da likita. A takardar da nas ke cikewa kafin a ɗora mutum a na'ura, inda ake rubuta nauyi da awon jini, a ƙara layi guda: wane sabon magani ka fara tun zuwanka na baya, me ka ji bayansa? Fom ɗin NAFDAC kuma a fito da shi daga durowa a ajiye kusa da sikeli, inda mai jinya zai miƙa hannu ya ɗauka.