'Yan Amshin Shatan Adabi

A watan Afrilun 2013 wani littafin binciken kisa mai suna The Cuckoo's Calling ya fito a Ingila, an rubuta a bangonsa cewa wani Robert Galbraith ne ya rubuta shi. Ba wanda ya san shi. Littafin ya yi wata uku a kan kanta yana shan ƙura, kwafen da aka sayar na takarda bai wuce dubu ɗaya da ɗari biyar ba, a faɗin su kansu mawallafan. Ranar Lahadi 14 ga Yuli jaridar Sunday Times ta fasa ƙwai, ta ce ai Galbraith ɗin nan J.K. Rowling ce, mai Harry Potter. Kafin a ce kwabo littafin ya tashi daga lamba 4,709 a jerin cinikin Amazon ya ɗare lamba ɗaya. Shaguna suka ƙarar da abin da suke da shi, injinan buga littafi suka kwana suna aiki.

To ina tambaya, tsakanin daren Asabar da safiyar Lahadin nan me ya canza a cikin littafin? Ko wasali ɗaya ba a ƙara ba. Cormoran Strike, mai binciken labarin, yana nan yadda yake, tsohon ɗan sandan soja da ya baro ƙafarsa guda a Afganistan, bashi ya yi masa katutu, yana kwana a ofishinsa a kan gadon tafi-da-gidanka. Robin Ellacott tana nan, sakatariyar wucin gadi da ta zo aikin mako guda ta maƙale. Lula Landry, 'yar tallan kayan ƙawa da ta faɗo daga bene a unguwar masu kuɗi ta Landan, tana nan a mace, 'yan sanda sun ce ita ta kashe kanta, ɗan'uwanta ya ce ƙarya ne. Duk wannan yana nan tun Afrilu, kuna wuce shi kamar ba ku gan shi ba.

Rububin bai ba ni haushi kamar surutun da ya biyo baya ba. Sai ga mutane sun fito ƙwansu da kwarkwata, kowa ya zama gwani. Wannan ya ce shi tun shafin farko ya ji ƙamshin alƙalaminta. Wancan ya ce ai yadda ake kwatanta tufafin mata kaɗai ya isa ya nuna mace ce ta rubuta. Malam, ina kake a watan Mayu? Me ya hana hancin naka aiki a lokacin? Ita kanta jaridar da ta tona asirin sai da aka tsegunta mata, sannan ta nemi masana biyu, Patrick Juola a Amurka da Peter Millican a Oxford, suka zuba littafin cikin kwamfuta ana ƙirga tsawon kalmomi da yawan maimaituwarsu ana gwadawa da sauran littattafanta. Abin da ya sa farfesoshi gumi, kai ka gane shi da ƙamshi, amma sai bayan an sanar.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu yatsine. Su tun kafin su buɗe littafin sun yanke hukunci: mai rubuta wa yara labarin matsafa ina ita ina labarin manya? Wasunsu suka rantse cewa dabarar talla ce, ita ta shirya tonon asirin da kanta. Ba a daɗe ba gaskiya ta bayyana cewa wani lauya ne a kamfanin da ke yi mata aiki ya kasa riƙe bakinsa, ya gaya wa ƙawar matarsa. Rowling ta kai ƙara, aka biya diyya, ta miƙa kuɗin ga wata gidauniyar tallafa wa sojoji. Ban ji masu rantsuwar nan sun dawo sun ce a yi haƙuri ba. Da masu yabon da masu kushen, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin a cikinsu babu wanda yake maganar Strike da Robin.

Ni na karanta shi, kuma ba zan yi ƙarya ba, bayan fallasar na karanta, don haka dutsen da nake jifa da shi ya taɓa goshina. Littafi ne mai kyau, ba na a-zo-a-gani ba. Tsakiyarsa tana jan ƙafa, Strike ya yi ta zaga shaidu yana tambaya har mutum ya fara hamma. Amma zaman Strike da Robin a ɗan ƙuntataccen ofishin nan, yadda kowannensu yake auna ɗan'uwansa yana ɓoye abin da ke ransa, wannan aikin gwanaye ne. Marubuta irin su Val McDermid sun yaba masa tun ba a san mai shi ba. Ga waɗannan ina cire hula.

Kada kuma masu wallafa su ɓuya a bayan masu karatu. Akwai kamfanonin da aka aika wa rubutun da sunan Galbraith suka mayar da shi. A 2016 Rowling ta nuna wasu daga cikin wasiƙun, har da wadda aka ba ta shawarar ta nemi ajin koyon rubutu. Matar da duniya ta sayi ɗaruruwan miliyoyin littattafanta! Kuma ba a kanta aka fara ba. Doris Lessing ta yi wannan gwajin a farkon shekarun 1980 da sunan Jane Somers, kamfanin da ya saba buga mata littafi ya ƙi karɓa. Daga baya ita ce ta ci kyautar Nobel a 2007. Stephen King ya yi shekaru yana fakewa da sunan Richard Bachman, cinikin bai taka kara ya karya ba sai da aka gano shi a 1985.

Wanda nake tausayi shi ne Galbraith na gaskiya, wato sabon marubucin da babu wata Rowling a bayan labulensa da za a yaye wata rana. Shi kwafi dubu ɗaya da ɗari biyar ɗin nan ita ce iyakarsa, daga nan sai kamfani ya daina ɗaukar wayarsa. Mu ma nan ba mu tsira ba. Tsaya a gaban mai sayar da littattafan Hausa a Kano ka kasa kunne, abin da za ka fi ji shi ne, "Akwai sabon na wance?" In mai shago ya miƙo na wata baƙuwar marubuciya, sai a juya bangon, a taɓe baki, a ajiye. Na taɓa ganin wata yarinya da ta buga littafinta na farko da kuɗin adashinta, tana yawo da shi a leda daga shago zuwa shago, wani ma bai bari ta kwance ledar ba.