Tonon Silili Ba Ya Warkarwa

Malam, ka rubuta cewa matashin da kallon batsa ya kama a tsayar da shi gaban ikilisiya, a tona masa asiri. Ban yarda ba! Mu Kiristocin Filinge tsiraru ne. Abin da aka faɗa a majami'a da safe, kafin kasuwar Lahadi ta watse ya zaga yankinmu na Kurfai. Yaron zai ƙaurace wa sujada, wayar da yake kallon batsar da ita kuwa tana nan a aljihunsa. A Matiyu 18 Yesu ya umarta a fara jan kunnen ɗan'uwa a keɓe. Annabi Natan ma ido da ido ya tunkari Dauda kan Batsheba. A haɗa yaron da dattijo guda mai riƙon amana, su yi addu'a tare, dattijon ya riƙa ajiye masa wayar da dare.