Algus a Cikin Kwali

Ran nan da azumi na sayo wani kwalin abin sha don buɗa baki, wanda aka zana wa lemo da ganyensa har da raɓa, aka rubuta sunan lemon da manyan baƙaƙe. Sai bayan an sha ruwa, da na sa tabarau na juya bayan kwalin, na tarar da wani ɗan rubutu kamar sawun kiyashi, mai shaida cewa abin da ke ciki ruwa ne da sukari da launi da ƙamshi, lemon kuwa yana can ƙarshen jeri. Wannan ƙaramin rubutu shi ya fi ƙona mini rai, domin mai shi ya ajiye shi ne saboda ranar shari'a, ya ce ai ya faɗa, alhali ya san tsohuwar da ba ta yi boko ba hoton nan shi ne karatunta, da shi kuma aka ci amanarta.

A Amurka masu saye ba su tsaya ga "Allah ya isa" ba. A 2012 kamfanin Ferrero ya yarda ya biya kimanin dala miliyan 3, bayan wata uwa a Kalifoniya ta yi ƙarar an tallata mata Nutella a matsayin lafiyayyen karin kumallon yara, alhali sukari da mai suka rinjaya a ciki. A 2014 kuma Red Bull ya amince da biyan dala miliyan 13 saboda kurarin da ya yi wa abin shansa. Nan gida ma, a 2017, babbar kotun Legas ta umurci NAFDAC ta sa a rubuta gargaɗi a jikin Fanta da Sprite.

Mu da muka tashi da Suratul Muɗaffifina, muka san abin da ya halaka mutanen Madyana, muka ji yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa ya tsawata, ba mu da uzurin yin shiru. Mai tumatir da ke jera manya a saman kwando, da mai hatsin da ya buge gindin mudunsa, 'yan'uwan kamfanin da ya yi kwalin lemon nan ne, illa dai shi na'ura ke buga masa ha'incinsa dubu-dubu. Saboda haka wanda aka zambata ya kai ƙara, hukuma kuma ta tilasta a rubuta abin da ke cikin kwali a gabansa, da baƙaƙe masu girman hoton, da harshen da mai saye ke ji.