Girkawa na cin kuɗi da kufansu, mu namu na Ruma da Zakka ko a waya ba mu ɗauka ba

Da zarar lokacin hutu ya zo, musamman daga Yuni zuwa Agusta, sai Instagram da TikTok su cika da hotunan 'yan Najeriya masu hali da suka tafi ƙasar Girka. Za ka ga mutum tsaye da baƙin gilashi, a bayansa ga wasu dogayen ginshiƙan dutse babu rufi, wasu ma a karye. A ƙasan hoton kuwa mu ne, 'yan Katsina da Kano da Gusau, muna ta zuba sharhi: Allah ya kai mu, wannan ita ce ƙasa, mu dai an cuce mu. Ban ga laifin mai sha'awa ba, ni ma in na samu biza da guzuri ba zan ƙi zuwa ba. Amma 'yan uwana matasa, mu kira abin nan da sunansa na Hausa. Kufai ne. Gini ne ya rushe, masu shi suka mutu, jikokinsu suka kewaye abin da ya rage suka sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

Ginin da aka fi ɗauka a hoton, wato Fartenon da ke saman dutsen Akrofolis a birnin Atens, an fara shi a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka kammala a 432. Ɗakin bautar gunkiyarsu Atina ne tun asali. Daga baya ya zama coci, da Turkawan Usmaniyya suka karɓi ƙasar ya zama masallaci har da hasumiya. A 1687 ana yaƙi, Turkawa sun ajiye albarushi a ciki, sojojin Benis suka harba masa igwa, tsakiyar ginin ta tarwatse. Daga 1801 kuma wani Bature ɗan Birtaniya, Lord Elgin, ya sa aka ɓamɓare sassaƙe-sassaƙen jikinsa aka loda a jirgin ruwa, suna nan a gidan tarihi na Landan har gobe, Girkawa na ta rigimar a dawo musu da kayansu. Kun ga ke nan ba lafiya ginin ya kwana ba. Ya sha wuta, ya sha sata, ya sha sakaci.

To me ya sa duniya ke tururuwa zuwa wurin, har a 2023 gwamnati ta ƙayyade cewa mutum 20,000 kaɗai za su riƙa hawa dutsen a rana? Me ya sa ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba ta karɓi baƙi sama da miliyan 30 a wannan shekarar? Wasu za su ce ai dutse ne, ba ya narkewa kamar ginin ƙasa. Gaskiya ne, da farin dutsen marmara aka yi shi. Amma ni a ganina ba dutsen ake saye ba, labarin ake saye. An san wanda ya ba da umarnin ginin, Ferikilis. An san magina, an san shekarar, har lissafin kuɗin aikin sun sassaƙa a jikin dutse. Tun 1975 akwai kwamiti na musamman da ba shi da aiki sai gyara da adana gine-ginen Akrofolis. Cire labarin, ka cire masu kula, abin da zai rage tarin duwatsu ne da awaki za su sha inuwa a gindinsu.

Yanzu mu dawo gida, yammacin Katsina, ƙasar Batsari da Safana. Mafi yawanku da kun ji sunayen nan abin da ke faɗo muku a rai shi ne ɓarayin daji da kuɗin fansa. Amma kun san cewa a 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya taso daga Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi, ya biyo ta Kuraye da Kurfi ya yada zango a Zakka? E, Zakka dai ta ƙaramar hukumar Safana. Ya same ta gari mai ganuwa, kuma daga nan ayarinsu ya yi shirin ratsa daji zuwa Zurmi, zukata a tsorace saboda labarin rundunar Gobirawa. Ya rubuta wannan a littafin tafiye-tafiyensa mai juzu'i biyar, ana karanta shi a jami'o'in Turai. Ɗan Zakka nawa ne mai wayar hannu ya san sunan garinsu na cikin wannan littafi?

Ku lura da abin da ke cikin labarin nan. Shekara fiye da 170 da suka wuce, wannan daji da ya raba Katsina da Zamfara abin tsoro ne ga matafiyi. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe da aka kora sun koma arewa sun kafa Maraɗi, kuma kusan duk ƙarni na 19 ana kai hari ana ramawa tsakaninsu da sabuwar masarautar. Ƙasar Ruma na bakin wannan iyaka. Shi ya sa Rumawa suka yi suna da jarumtaka, shi ya sa har yau in an ambaci Ɗanwaire tsofaffi ke gyara zama, kuma shi ya sa hakimin Batsari ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma. Mutanen wancan zamani sun zauna da barazana kamar yadda muke zaune da ita: sun gina ganuwa, sun haƙa gwalalo, sun yi kafi, sun raɓu da duwatsu. Yadda suka tsara tsaron gari, wa ke gadin ƙofa, ina ake ɓoye hatsi, ina mata da yara ke fakewa, duk ilimi ne. Ban ce zai kori mai AK-47 a kan babur ba. Amma al'ummar da ke fama da dajin Rugu yau ta ce tarihin zaman dajin Rugu bai dame ta ba, wannan abin mamaki ne.

Na san abin da wani zai rubuto: malam, ana kashe mutane kana maganar kufai? Tambaya ce mai nauyi kuma ba zan yi mata wasa ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari cikin dare ɗaya. A Satumban 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, mutane suka yi watanni ba su jin muryar 'yan uwansu. Duk wanda ya ce maka gobe Turawa za su zo yawon buɗe ido Ruma Tsohuwa, yaudararka yake. Ko da sulhun da aka ƙulla a wasu yankunan a 2025, babu uban da zai bar ɗiyarsa ta shiga daji don ɗaukar hoton ganuwa, kuma ni ban ce kowa ya je ba. Kada wani ya ɗauki waya ya nufi inda zai jawo wa iyayensa sayar da gona.

Amma wannan rashin tsaron shi ne ma dalilin gaggawar. Ganuwar ƙasa ba marmara ba ce, ran ta yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari ke fitowa kwansu da kwarkwata su yaɓe babban masallacinsu, shi ya sa yake tsaye. Garin da aka watse wa zai yi masa wannan gayya? Kowace damina tana cin rabonta. Abin da ya fi ganuwar saurin tafiya kuwa shi ne mutanen da suka san labarinta. Tsohon da zai iya lissafo maka dagatan garinsu bakwai a jere, ya nuna maka inda marina take da inda maƙera suke, yau yana iya kasancewa a ɗakin haya a cikin Batsari ko a bayan garin Katsina, ya baro gonarsa da kushewar iyayensa. Jikokinsa da aka haifa a gudun hijira ba su taɓa ganin garin ba. Ran da ya cika, shi ke nan. Sababbin kufai ake yi mana a kan idonmu, kuma su ko labari ba za su bari ba.

Ku dubi abin da ya faru da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Tuddan kaburburan manyan mutanen da ne. Bature Palmer ya fara tona su a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu 'yan kunnen zinariya da duwatsun ado da wuri da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen gabas, shaidar cewa ɗaruruwan shekaru da suka wuce ƙasar Katsina na ciniki da duniya mai nisa. Sai da aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su kafin a dawo da su Najeriya. Kullum dai haka: mu ke da abin, wani ke da alƙalami. Barth ya rubuta Zakka, Palmer ya tona Durɓi. In ka cire irin su marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya bi garuruwa yana zama da tsofaffi har ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, mu nawa ne muka ɗora a kai?

Ko a cikin birnin Katsina da babu fargabar daji, je ka hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ka ƙirga matasan da suka zo kallo, sannan ka je wurin shan ayis kirim da yamma ka sake ƙirgawa. Dubi ganuwar birnin, inda ta rage, yadda aka cinye ta da gini da bola. Mu 'yan yamma kullum ta Ƙofar 'Yanɗaka muke shiga gari, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube ta. Najeriya duk girmanta wurare biyu kacal take da su a jerin wuraren tarihi na UNESCO, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo. Maƙwabtanmu na Nijar sun shigar da tsohon garin Agadas a 2013, kuma da ƙasa aka gina shi, irin tamu.

Akwai kuma masu cewa ai waɗannan wuraren na maguzawa ne, me Musulmi zai yi da su. Girkawan yau Kiristoci ne, ba wanda ke yi wa Atina yanka. Misirawa na kula da dalar Fir'auna, ga kuma Azhar a garin. Saudiyya da kanta ta buɗe Al'ula ga baƙi. Sanin inda kakanka ya zauna ba bauta masa ba ne. Balle ma yawancin abin da nake magana a kai ganuwa ce da rijiya da masallacin Juma'a da makarantar allo.

Abin da nake nema a wurinmu ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar shiga daji. Wayar nan da muke kwana muna gungurawa tana ɗaukar murya. Ka samu kakarka ko wani dattijo a unguwa, musamman cikin waɗanda suka yi gudun hijira, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izininsa, ka ce Baba ina son ka ba ni labarin garinku. Wa ya sari garin? Daga ina suka taso? Ƙofofi nawa ne, me sunayensu? Wace rana kasuwa ke ci? Mene ne kirarin garin? Wace shekara aka yi yunwa, me aka kira ta? Kada ka katse shi, kada ka gyara masa Hausa. Kuma don Allah a tambayi mata, don tsofaffin mata sun fi riƙe dangantaka, wa ya auri wa, wace zuriya ta fito daga ina. Ka faɗi kwanan wata da sunan garin a farkon ɗaukar.

Sai dai fa a yi hattara, lokacin informa muke ciki. Ba komai ake ɗorawa a TikTok ba. Kada ka nuna fuskar wanda bai yarda ba, kada ka faɗi inda yake zaune yanzu, kada ka bayyana hanya ko maɓoyar da mutane ke amfani da ita har yau. Neman mabiya bai kai ran mutum ba. Wani abin ajiyewa za a yi sai ƙura ta lafa. Kuma Facebook ba rumbu ba ne, ana rufe shafi, waya na faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a hanya. A kwafa a kai wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, ko sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Gidan Arewa a Kaduna. Su kuma hukumomin nan su buɗe ƙofa, su ba da lambar WhatsApp da za a riƙa turawa, kada yaro ya zo da abu mai daraja a ce masa oga ba ya nan.

Ga 'yan uwana masu karanta aikin jarida kuwa, mun gaji da furojet ɗin nan na tasirin kafafen sada zumunta a kan karatun ɗalibai, wanda kowace shekara sai an rubuta shi sau ɗari ana canza sunan makaranta. Ɗaya daga cikinmu ya ɗauki Zakka, wata ta ɗauki Runka, wani Wagini, wani Ruma. Hira goma da dattawa goma, a rubuta, a adana muryoyin. Ɗaukar murya ko data ba ta ci, caji kawai take so, kuma mai cajin waya na nan a bakin tasha.