Radiohead: Faifan da mai saye ya yanka wa farashi

A ranar 10 ga watan Oktoban 2007 ne ƙungiyar mawaƙan Radiohead ta Ingila ta saki faifanta na bakwai, In Rainbows, ta intanet, ta kuma bar wa kowa ya biya abin da ya ga dama, ko ya ɗauka kyauta.

Matakin ya biyo bayan ƙarewar kwantiraginta da kamfanin EMI, a lokacin da satar fasaha ke durƙusar da cinikin faya-fayai.

Duk da haka, da faifan CD ya fito, shi ya zo na ɗaya a Birtaniya da Amurka.

Sai dai masu suka na ganin wanda ya riga ya yi suna ne kaɗai zai iya wannan kasada, domin ƙaramin mawaƙi in ya gwada, da yunwa zai kwana.